Tauraro Ba Ya Magana: Karatun Sama da Neman Nufin Allah

A majami'armu akwai wani dattijo da ya yi aikin safiyo tun yana saurayi, yana jan sarƙar awo a daji. Wani dare bayan addu'a aka ɗauke wuta, muka fito haraba muna jiran ido ya saba da duhu. Ƙarshen bazara ne, ruwan farko ya wanke sama tas. Ya dafa kafaɗata ya juya ni arewa, ya nuna mini taurari bakwai masu siffar ludayi. Ya ce in dubi biyun da ke bakin ƙoƙon ludayin, in ja layi ta kansu in gangara, in ninka tazarar da ke tsakaninsu sau biyar. Can ƙasa-ƙasa, daf da kwanon gidan fasto, sai ga wani tauraro maras kwarjini.

Na ce, "Baba, wannan ɗan mitsitsin?"

Ya ce, "Shi ne Tauraron Arewa. Miƙe hannunka ka dunƙule shi. Ɗora gindin dunƙulen a inda ƙasa ta ƙare."

Na yi, tauraron ya zauna kaɗan sama da dunƙulena. Ya ce dunƙule ɗaya wajen digiri 10 ne, saboda haka muna tsaye kimanin digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. Na tambaye shi yadda tauraron zai nuna mini hanyar gida in na ɓata. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, tauraro ba ya magana. In ba ka san inda za ka ba, ko kwana ka yi kana kallonsa ba abin da zai ƙara maka."

Shekaru sun wuce kafin in gane cewa wa'azi ya yi mini a daren nan. Mu Kirista muna son kwatanta bangaskiya da tauraro mai nuna hanya, a waƙa da huɗuba da katin Kirsimeti. Amma yawancinmu ba mu taɓa tambayar yadda ake kama hanya da tauraro a zahiri ba, shi ya sa kwatancin yake fita daga bakinmu a karkace. Muna zaton tauraro yana yin abin da taswirar waya take yi, ya ce juya dama, juya hagu, ka iso. Aikinsa ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi wuya. Yana ba ka abu guda tsayayye da za ka auna kanka da shi, ka san inda kake da inda ka fuskanta. Sauran aikin na matafiyi ne.

Dalilin da ya sa Tauraron Arewa yake da amfani shi ne matsayinsa. Duniya tana juyawa kamar katantanwar yara, kuma tsinin da take juyawa a kai ya nufi wani wuri a sama wanda tauraron nan yake kusa da shi ƙwarai, tazarar ba ta kai digiri 1 ba. Sauran taurari suna fitowa gabas su faɗi yamma, suna cin digiri 15 kowace awa, shi kuwa kamar an kafa shi da ƙusa. Tsayinsa daga inda sama ta taɓa ƙasa daidai yake da nisanka daga tsakiyar duniya. A Legas bai wuce digiri 6 da rabi ba, sau da yawa ma gine-gine da hazo sun rufe shi. A Kano 12 ne, a Agadas 17, a Landan ya haura 51. Wanda ya tsallaka kudu da tsakiyar duniya kuwa ya rabu da shi ke nan, sai ya koma ga taurari huɗun nan masu siffar gicciye, waɗanda mu ma muke hangowa can ƙasa ta kudu a dararen Afirilu da Mayu. A wajen haske kuma akwai taurari fiye da 40 da suka fi shi. Duk wanda ya fita neman tauraron da ya fi kowane ƙyalli don ya bi shi arewa, ya ɓata tun bai ɗaga ƙafa ba.

Wannan ilimi ba baƙonmu ba ne. Fataken Gwanja suna da madugu uban tafiya da jagaba mai shige gaba. Har yau ayarin gishiri yana tashi daga ƙasar Abzin bayan damina ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, ya kai gero ya komo da kantu da dabino. A mafi yawan wannan rairayi babu dutse, babu gari, itace ɗaya tilo da aka sani ma wata babbar mota ta ture shi a 1973, gangar jikinsa tana gidan tarihi a Yamai. Abzinawa suna kiran taurari bakwai ɗin nan taguwa, wato raƙuma, suna kiran wani gungun kuma Amanar, ma'ana jagora. Amanar ne yake da taurari uku a jere a tsakiyarsa, kuma ukun nan suna ɓullowa kusan daidai gabas, inda ayari mai zuwa Fashi ya sa gaba. Sai dai tauraron da ya fito ba ya tsayawa a bakin gabas. Bayan awa ɗaya ko biyu ya hau ya karkata, dole madugu ya sake shi ya kama wanda ke biye. Kuma kowane dare taurari suna riga jiya fitowa da kusan minti 4, wato awa 2 a wata. Da rana ga inuwa, ga kwanciyar tudun yashi yadda iska ta shimfiɗa shi, ga lissafin zango nawa aka yi. Kuskuren digiri 5 a tafiyar kilomita 200 zai sa ayari ya wuce rijiya da nisan kilomita 17 ba tare da ya hango ta ba, kuma a Tenere wannan mutuwa ce.

To, ga wani mutum kuma da shi ma yake kwana kallon sama: mai duba. Sama ɗaya suke kallo shi da madugu, amma tambayarsu ta bambanta. Madugu yana tambaya, ina nake? Mai duba yana tambaya, me zai same ni? Na farko ya ɗauki tauraro a matsayin alama da aka kafa, nauyin tafiya yana wuyansa. Na biyu ya ɗauki tauraro a matsayin mai iko da rabonsa, yana neman ya leƙa gobe don ya sauke nauyin zaɓi. Ko a bakin Bahaushe an ji wannan, da ake cewa tauraruwa mai wutsiya ganinki ba alheri ba.

Littafi Mai Tsarki ya tsaya da madugu tun shafin farko. A Farawa sura 1 an ce an yi haskoki a sarari don su zama alamu, su raba lokatai da kwanaki da shekaru. Marubucin bai ma kira rana da wata da sunansu ba, babban haske da ƙaramin haske ya ce, taurari kuwa a ƙarshen jimla ya ambace su kamar abin da aka kusa mantawa. A zamanin da maƙwabtan Isra'ila suke yi wa waɗannan abubuwa sujada, wannan rage musu girma ne da gangan. Maimaitawar Shari'a 4:19 ta hana bauta musu. Ishaya 47:13 ya yi wa Babila ba'a, ya ce masu duban taurarinta su tashi su cece ta mana. Duk da haka littafin bai raina sama ba. Allah ya fitar da Ibrahim waje da dare ya ce ya ƙidaya taurari in zai iya. Ya tambayi Ayuba ko zai iya ɗaure gungun taurarin nan Kaza da 'Ya'yanta. Zabura 147 ta ce ya san yawansu, yana kiran kowanne da suna. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna karanta cewa an yi taurari don a shiryu da su a duhun tudu da teku, malamansu kuma suna tsawatarwa a kan duba.

Agustin, wanda ya zama bishof a Hippo cikin ƙasar Aljeriya ta yau ya kuma rasu a shekara ta 430, ya taɓa yarda da duban taurari a ƙuruciyarsa. Cikin abin da ya raba shi da shi akwai labarin yara biyu da aka haifa a lokaci guda, ɗaya ɗan mai gida ɗaya ɗan baiwa, taurarinsu ɗaya amma rayuwarsu ta yi hannun riga. Ya kuma kawo misalin Yakubu da Isuwa, 'yan tagwaye da halinsu da ƙarshensu ba su yi kama ba.

Abin da ke damuna shi ne duba bai mutu a cikinmu ba, riga ya sake. Mutumin da ba zai taɓa zuwa wurin boka ba, sai ka gan shi yana yawo daga wannan taron addu'a zuwa wancan yana neman wanda zai faɗa masa sunan matar da zai aura, ko watan da biza za ta fito. Tambayar dai ita ce ta mai duba, an ƙara mata amin a ƙarshe ne kawai. Ni ma na yi nawa. Akwai shekarar da na so in bar aikina in koma wani gari, na rufe ido na buɗe Littafi na ɗora yatsa. Ayar farko jerin sunayen kakanni ce, na ce ban shirya zuciyata ba. Ta biyu ba ta yi mini daɗi ba, na ce Shaiɗan ne. A ta uku na sami wata magana a kan tashi da tafiya, na rufe Littafi na ce Ubangiji ya yi magana.

Na kai wa dattijon nan albishir. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Madalla. Matarka me ta ce?" Na ce ban faɗa mata ba tukuna. "Bashin da ake binka fa, zai bi ka can ko zai tsaya nan?" Na yi shiru. "Kuma wannan kira, yaushe ka fara jinsa, kafin ku yi cacar baki da mai gidanka a wurin aiki ko bayan?" Ban ba shi amsa ba, don shi da ni duk mun sani. Bai ce in tafi ba, bai ce in zauna ba. Ya ce in je in yi wata guda ina karanta wasiƙar Yakubu daga farko zuwa ƙarshe, in nemi gafarar wanda na zaga, in zauna da matata da takarda da biro, sannan in dawo mu yi magana.

Abin da ya yi mini yana da kwatankwacinsa a teku, kuma a nan ne kwatancin ya fi ƙarfi. Tauraron Arewa yana faɗa maka nisanka arewa ko kudu, amma ba ya cewa komai game da gabas da yamma. Wannan matsala ta ci rayuka da yawa. A Oktoba 1707 jiragen yaƙin Ingila huɗu suka faɗa kan duwatsun tsibiran Sili, kudu maso yammacin Ingila, da dare, mutum fiye da 1,400 suka hallaka, don shugabanninsu sun ɗauka suna wani wuri dabam. A 1714 majalisar ƙasar ta sa ladan da ya kai fam 20,000 ga wanda ya warware matsalar. Maganinta agogo ne. Tun da duniya tana juya digiri 15 a awa, in ka san ƙarfe nawa ne a tashar da ka baro, ka kuma auna lokaci a inda kake ta hanyar rana ko taurari, bambancin zai ba ka nisanka. Wani kafinta mai suna John Harrison ya kashe mafi yawan rayuwarsa yana ƙera agogon da zafi da sanyi da girgizar jirgi ba za su rikita ba, aka gwada na huɗunsu a tafiya zuwa Jamaika a 1761. Kuskuren sakan 4 kacal a agogo yana jefa lissafi da kusan kilomita 2 a tsakiyar duniya, na minti 1 kuwa wajen kilomita 28.

Matuƙi ba ya neman agogon da ba ya kuskure, don babu shi. Abin da yake nema shi ne ya san kuskuren nasa: yana gudu da sakan nawa a rana, ko yana lattin nawa. Ya rubuta wannan a littafi, kullum ya cire ko ya ƙara. Haka kamfas. Ƙarfen da ke jikin jirgin kansa yana jan allurar, sai a auna ta da tauraro a san iyakar karkatarta. Irmiya 17:9 ya ce zuciya ta fi komai rikici. Wasu sun ɗauki wannan aya suna cewa kada a saurari zuciya sam, amma matuƙi ba ya jefa kamfas a ruwa don ya karkata. Mai saurin fushi ya san cewa duk “kira” da ya zo masa cikin kwana uku bayan rigima sai an rage masa wani abu. Matsoraci ya san cewa “salama” da yake ji in ya ƙi motsi ba lallai daga Ruhu Mai Tsarki take ba. Mai son a yabe shi ya san dalilin da ya sa nufin Allah kullum yake kai shi inda akwai makirufo.

Sannan matuƙi ba ya dogara da tauraro ɗaya. Littafin lissafin masu jirgi ya ware taurari 57 da ake aiki da su. In ya auna tsayin guda, abin da ya samu layi ne a taswira, yana wani wuri a kan layin. Na biyu ya ba shi wani layin da ya gitta na farko. Na uku kuwa kusan kullum ba ya bi ta daidai mahaɗar, sai ya bar ɗan ƙaramin fili mai kusurwa uku, matuƙi ya ce muna cikin nan ko kusa da nan. Bai sami tabbacin da babu shakka ba, ya sami wanda ya isa a tuƙa jirgi da shi har awo na gaba. Kuma awon yana yiwuwa ne a ɗan lokaci kaɗan da almuru da kuma asuba, sa'ad da taurari suke bayyane, layin da sama ta taɓa ruwa shi ma yake bayyane. Da tsakar dare ga taurari fal amma ba a ganin layin, da rana ga layin amma ba taurari. Dole a haɗa sama da ƙasa a kallo guda. Dattijon nan da ya tambaye ni bashi da mata, layin ƙasa yake nema mini, don ni sama kaɗai nake kallo.

Tsofaffin malaman ikilisiya, ko Katolika ko masu bishara, sun daɗe suna lissafa abubuwan da ake gittawa: abin da Nassi ya koyar gaba ɗayansa, shaidar Ruhu a lamiri bayan addu'a, shawarar 'yan'uwa masu tsoron Allah, da halin da mutum yake ciki. 1 Yahaya 4:1 ta ce a gwada ruhohi. Labarin masanan gabas a Matiyu sura 2 ya nuna yadda ake gittawar. Masu ilimin taurari sun kawo bayanai a kan abin da mutanen nan suka gani, daga haɗuwar manyan duniyoyi biyu sau uku a shekara ta 7 kafin haihuwar Almasihu zuwa tauraruwa mai wutsiya da 'yan Sin suka rubuta a shekara ta 5 kafin haihuwarsa. Matiyu bai tsaya a kan wannan ba. Abin da ya nuna shi ne, tauraron ya tashe su, hankalinsu ya kai su Urushalima don a fada ake neman ɗan sarki, kuma fadar ta Hirudus ce. Sai da aka buɗe annabcin Mika aka sami sunan Baitalami, tafiyar kilomita 9 kacal. Malaman da suka karanto ayar kuwa ko ɗaya bai ɗaura takalmi ya bi su ba. Masu tauraro ba su da aya, masu aya ba su da ƙafa. A ƙarshe ma mafarki ne ya mai da baƙin gida ta wata hanya.

Karatun sama ba a koyonsa daga takarda kaɗai. Mau Piailug, mutumin ƙaramin tsibirin Satawal a tekun Pasifik, wanda a 1976 ya ja kwalekwale daga Hawai zuwa Tahiti, tafiyar kusan kilomita 4,000 ba kamfas ba taswira, a wurin kakansa da mahaifinsa ya koya tun yana yaro. Haka ɗan madugu yake tashi a bayan raƙumi. A ikilisiya ma akwai wannan gado. A hamadar Masar, zamanin Antoni, jigon masu keɓewa don ibada, wanda ya rasu a 356, saurayin da ya keɓe kansa don ibada yakan je wurin tsoho ya ce, Abba, ba ni kalma, ya kuma zazzage masa tunaninsa tun bai zama aiki ba. Yohanna Kasiyan, wanda ya kai koyarwarsu kudancin Faransa, ya ba da labarin wani tsoho da ya shekara 50 a hamada yana azumi fiye da kowa, amma ba ya jin shawarar kowa. Wata rana ya ga abin da ya ɗauka mala'ika ne, aka ce masa ya faɗa rijiya ba abin da zai same shi. Ya faɗa. Aka ciro shi da ƙyar, ya rasu bayan kwana uku yana nan a kan bakansa. Kalmar Helenanci da Bulus ya yi amfani da ita a 1 Korantiyawa 12:28 ga baiwar shugabanci tushenta ɗaya da kalmar matuƙin jirgi.

Sai dai nan ma akwai rami. Jagora mai kyau yana nuna maka sama ya koya maka awo, har ranar da za ka iya ba da shi. Mugun jagora yana tsayawa tsakaninka da sama ya ce shi za ka kalla. In mutum ba ya iya sayen fili ko sa wa ɗansa suna sai “baban ruhaniya” ya yarda, in tambaya ta zama tawaye, in kowace shawara da kuɗinta, to an koma gidan boka ta ƙofar baya. Yahuza aya 13 ta kira irin waɗannan malamai taurari masu yawo, kuma da wannan suna ne Helenawa suke kiran duniyoyin da ba su da mazauni ɗaya a sama.

Kwatancin yana da inda yake tsayawa, bai kamata a ɓoye ba. Tauraron Arewa kansa ba dawwamamme ba ne a wurinsa. Tsinin duniya yana lilo a hankali, yana kammala zagaye cikin shekara kusan 26,000. A zamanin Yesu tauraron nan yana nesa da tsakiyar arewa da wajen digiri 12, matuƙan lokacin da gungun taurarin gaba ɗaya suke aiki, kuma nan gaba wani tauraro ne zai gaje shi. Abubuwa da yawa da muke ɗauka kafaffu ne a ikilisiya, irin tufafi da kiɗa da dokokin da 'yan mishan suka bari, haka suke, sun yi amfani a zamaninsu kuma suna matsawa. Yakubu 1:17 ya kira Allah Uban haskoki, ya ce a wurinsa babu sākewa ko inuwar juyawa, wato ya bambanta shi da haskokin ne. Kuma da Yesu ya ɗauki sunan tauraro wa kansa a Wahayin Yahaya 22:16, Gamzaki ya zaɓa, tauraron asuba. Gamzaki da Zara matar wata abu ɗaya ne, wani lokaci ta bi rana da yamma, wani lokaci ta riga ta da asuba. Ba a neman arewa da Gamzaki. Mai gadi da mai jinya da matafiyi sun san abin da yake faɗa: dare ya kusa ƙarewa.

Saura tambayar da ta fi kowace ciwo, wato abin da ake yi in sama ta rufe. Duk wanda ya yi shekaru cikin bangaskiya ya san lokacin da addu'a take komawa kamar magana da bango, Littafi ya zama baƙaƙe kawai. Matuƙi yana da dabara ga irin wannan dare. Yana komawa ga wuri na ƙarshe da ya tabbatar, ya lissafa inda ya fuskanta da gudunsa da awannin da suka wuce, ya ce ya kamata muna nan, ya ci gaba a haka har gajimare ya yaye. Ignatiyus na Loyola, sojan da harsashin igwa ya karya wa ƙafa a Pamplona a 1521, wanda ya fara lura da motsin zuciyarsa a gadon jinya, ya bar wa almajiransa ƙa'ida irin wannan: a lokacin duhun rai kada a sauya shawarar da aka yanke a lokacin haske. Yawancin auren da aka kashe da hidimar da aka watsar da dare ɗaya, a cikin hazo aka juya akalarsu.

Ayyukan Manzanni sura 27 ta kawo wannan dare da dukan nauyinsa, kuma tana ƙunshe da gargaɗi ga duk abin da na faɗa a sama. Bulus ɗaurarre ne a jirgin alkama na Iskandariya mai zuwa Italiya. Suna wata tasha a tsibirin Karita, lokacin azumin Yahudawa ya wuce, teku ta fara haɗari. Bulus ya ce a zauna. Jarumin soja Yuliyas ya fi yarda da matuƙi da mai jirgi. Mafi yawan mutane suka goyi bayan a tashi. Sai kuma ga iskar kudu ta taso a hankali, daidai yadda ake so. Gwani ya ce a tafi, jama'a sun ce a tafi, yanayi ya ce a tafi. Shaida uku ke nan, kuma duk ukun kuskure ne, domin daga buri ɗaya suka fito: tashar ba ta da daɗin cin damuna da sanyi, kowa yana son wadda ta fi. Matuƙa sun san cewa taurari uku da suka taru a kusurwa ɗaya ta sama ba sa ba da awo mai kyau, sai an zaɓo su daga sassa masu nisa da juna. Abokai uku da ka zaɓa don ka san za su ce maka i, tauraro ɗaya ne.

Guguwa ta sauko daga tsibirin ta fizge jirgin. Luka ya rubuta cewa kwana da kwanaki ba su ga rana ko taurari ba, har suka fid da zuciya ga tsira. Bulus ya tashi ya ce mala'ikan Allah ya tsaya kusa da shi da dare ya ce ba ran da zai salwanta, jirgin ne kaɗai, kuma lalle za a jefa su a wani tsibiri. Ba a faɗa masa wane tsibiri ba. A dare na 14, wajen tsakar dare, ma'aikatan jirgi suka ji alamar ƙasa. Suka saki igiyar awon zurfi suka sami gaba 20, suka ɗan matsa suka sami 15. Suka saki anka huɗu ta baya suna roƙon gari ya waye. Da wasu suka so su sulale a ƙaramin kwalekwale, Bulus ya ce in ba su zauna ba sauran ba za su tsira ba, sojoji suka yanke igiyoyin. Kafin asuba ya ɗauki gurasa ya yi godiya a gabansu ya gutsura ya ci, su ma suka ci, su 276, sannan suka zubar da alkamar a teku. Da gari ya waye ba su shaida ƙasar ba, sun dai hango wani lungu mai rairayi suka nufe shi. Goshin jirgin ya cije a yashi, raƙuman ruwa suka farfasa bayansa. Masu iya iyo suka yi iyo, sauran suka kama katako da tarkace, duka suka kai gaci. Sai da suka fita, ana ruwa ana sanyi, mutanen wurin suna hura musu wuta, sannan suka ji cewa sunan tsibirin Malita.